Bangon Gabas

Ran da kuɗin sallamata suka shigo
na tsaya a tsakar gidanmu na Rafindadi,
hannu a ƙugu, ina hararar bangon da Baba ya bari:
jar ƙasa, tsohuwar makuba,
da tsagar da ƙadangare ya gada tun kakansa.
Na ce masa, ka ci zamaninka,
bana rigar siminti za ka sa.

Barmo magini ya zo yana dogara sanda,
shi ya ɗora azarar zauren nan ina goye.
Bai ko dubi fentin da na zaɓo ba.
Ya hau soro, ya leƙa indararo,
ya sauko ya durƙusa a gindin bango,
ya ɗebi ƙasa ya shinshina.
Ya ce, "Sada, fara tambayar ruwa ta ina yake fita.
Bangon ƙasa numfashi yake yi,
in ka toshe masa hanci, ta ciki zai yi zufa."
Na ba shi goro da kuɗin acaɓa.
A raina na ce tsufa ne.

Sai na ɗauko Gide,
wanda kafin in rufe baki ya ce, "An gama, Alhaji."
Ba takarda, ba shaida,
a teburin mai shayi na Ƙofar Guga
na zube masa kuɗin aiki har da na ƙusa.
Muka fara, saura sati uku a yi shuka.

Tayil muka soma shimfiɗawa,
fari tas kamar kindirmo a ƙwarya.
Washegari mai famfo ya ce bututu ta ƙasa zai bi.
Ina tsaye ina ji ana fasa kuɗina da guduma.
Mai wuta kuwa sai da fenti ya bushe
ya zo ya yi wa bango zube irin na Gobirawa.

Bedin tsakar gida na sa aka sare,
wai ganyensa na ɓata daɓe.
Rariyar da ke bi ta bayan ɗakin Tabawa,
Gide ya ce ƙazanta ce, ya cika ta da kankare.
Tabawa ta leƙo ta katanga ta ce,
"Shekara arba'in ruwanku na bi yana gaishe ni,
bana ina kuka ce ya nufa?"
Na yi dariya.

Wani daren Agusta hadari ya taso daga gabas.
Ruwa ya sauka, ya nemi tsohuwar hanyarsa ya rasa,
ya shigo ɗaki ba sallama.
Da asuba takalmana na iyo a zaure.
Kwana tara bangon gabas ya yi tumbi,
simintin ya saki kamar ɓawon gyaɗa,
ƙasar bayansa ta koma kunu.
Na kira Gide.
A kashe.

Barmo ya dawo. Ba ni na aika ba, Tabawa ce.
Bai ce "na gaya maka" ba,
da ma ya ce, da ya fi mini sauƙi.
Ya ƙwanƙwasa bango da bayan yatsa,
bango ya amsa kamar tulun da ba ruwa.
Ya ce, "Rariya yau. Saura a jira kaka."

Na sayar da babur.
Yanzu akwai ɗan littafi a aljihuna,
buhu ba ya shiga gidan nan sai an rubuta,
kuɗi ba ya fita sai ido ya ga aiki.
Ni ke ɗebo wa Barmo ruwan kwaɓi,
yana yaɓe yana tari, ba ya gaggawa.

Jiya na dasa bedi a gurbin wancan,
tsawonsa bai kai gwiwata ba.
Bazara ta zo, tayil na ƙona tafin ƙafa.
Inuwar, in Allah ya so, ta jikana ce.